Baƙon da ke Gwada Roba a Kasuwar Babura

Maikasuwa yana zaune a rumfarsa aka bugo masa waya cewa amininsa Kyari ya rasu. Santsi ne ya kwashe shi a makewayi, kansa ya bugu, ya tashi yana cewa ba komai. Shi kuwa tun haihuwa jininsa ba ya tsayawa, sai ya yi ta zuba ta ciki.

Maikasuwa ya ajiye wayar. Idonsa na kan wani baƙo a wurin mai yankan taya, siriri, gwiwa ɗaya a kumbure, yana dafa dirkar rumfa kafin ya ɗaga ƙafa. An yanko masa faffaɗar roba, ya shimfiɗa a ƙasa, ya kwara mata ruwan buta, yana murza tafin ƙafarsa a kai a hankali.

"Baba, ƙara tsaga ta," in ji baƙon. "Har yanzu da santsi."

Maikasuwa ya san irin wannan takun, haka Kyari yake tafiya in jini ya taru masa a gwiwa. Wataƙila a gida akwai matar da hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji ya fito daga wanka.

Ranar Juma'ar da ta wuce Maikasuwa ya roƙi Kyari ya sa a karce simintin nan mai sheƙi na makewayinsa. Kyari ya yi dariya.

"Haba Maikasuwa, ni da ko wanzami bai kashe ni ranar kaciya ba?"