Kunkurun da Ya Tsayar da Mama

Wata Asabar a ƙarshen Oktoba, ina 'yar shekara takwas, na tarar kunkuruna ya tona ƙasa a bayan gidan hayarmu na garin Greenbelt, can ƙasar waje, ya shige, ƙoƙon bayansa kaɗai ake gani. A bakin daji na tsince shi, ina ciyar da shi da latas ɗin da nake sata a kicin. Na zungure shi da tsinke, ko motsi. Wayyo, kukan da na sha ranar!

Mama ta leƙo sanye da rigunan sanyi biyu, ta ce ya mutu, a yar da shi. Shekararmu ta farko ke nan da barin Kano, ko akwatinta ba ta kwance ba, kullum cewa take ƙasar da sanyi ke kashe ganye ba wurin zaman mutum ba ce. Baba ya hana. Ya aro littafin wani limamin coci da ya rayu a wani ƙauyen Ingila sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Mutumin, in ji Mama, ba shi da aiki sai leƙen tsuntsaye da rubuta ranar da kunkurun lambunsa ya shiga ƙasa da ranar da ya fito. "Barci yake yi," in ji Baba, "mahaƙurci mawadaci." Mama ta ce to, in ya tashi ta zauna, in bai tashi ba a yanko mata tikitin gida.

Na lulluɓe wurin da busasshen ganye, na rubuta ranar a bangon littafina. Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe komai. A aji sai in zuba wa taga ido, ina ganin kunkurun can ƙasa yana numfashi a hankali, tsohon limamin na tsugune gefensa da alƙalami, fuskarsa irin ta kakana. Kowace safiya kafin motar makaranta ta iso sai na kara kunne a ƙasa. Tsoro nake ji ƙwarai, don Mama ba ta magana biyu.

Cikin Afrilu na dawo daga makaranta na same ta tsugune a wurin, zaninta ya sha taɓo, tana miƙa masa latas. "Ɗan banza, ashe kana nan," take ce masa. Washegari kayan akwatin suka koma durowa.

Yau a hawa na tara na wani bene nake zaune a garin Silver Spring, ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa. Mama ta cika alkawari, ta zauna, a ƙasar nan aka binne ta. Duk Afrilu in na kai mata ziyara, sai in ji kamar in kara kunne a ƙasa.