Akuyar Da Ta Ci Tuwon Surukina

A wancan lokaci ni amarya ce 'yar Damagaram, shekarata ɗaya da zuwa Tamanrasset, kuma abu biyu nake taƙama da su a duniya: iya tuƙa tuwo da kunyar surukai. Mijina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana bin hanyar In Amgel ya yi arewa, sai ya share sati uku bai leƙo gida ba. Gidan daga ni sai mahaifinsa, wani dattijo mutumin Agadas da tsufa ya raba da kanti, sai wata jar akuya da yake ɗaurewa a bayan ɗakinsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kullum yana cikin babbar riga, amawali ya rufe masa har karan hanci, ni kuma tun ina ƙarama aka koya mini ba a ɗaga ido a kalli suruki. Takalmansa na sani, da muryarsa.

In na tuna kwanakin nan sai in ga kamar a mafarki na yi su. Rana ta ɓullo ta bayan duwatsu ta rina su ja, iska ta kaɗa labulen ƙofarsa, ƙamshin shayi ya cika tsakar gida, yau kamar jiya. In durƙusa in ajiye kwano, ya sa mini albarka daga ciki, bayan la'asar in tarar da kwanon a waje tas kamar an wanke. Sai in ji kaina ya yi girma. Akuya kuwa sai sheƙi take yi tana cika, har ina tsokanarta wai ita ce hajiyar gidan.

Ba zan yi wa mutane ƙarya ba, sun faɗa mini. Maƙwabciyata, mutuniyar Maraɗi, ita ta fara cewa kamar Baba ya ɗan faɗa, na ce sanyin garin nan ne. Da aka kwana biyu ta ce a'a, ramewa yake yi. Sai wani amininsa mai lambu a Utul ya kawo masa ɓaure, da zai fita ya tsaya ya ce mini abokinsa ya zabge, hannun da ya kama yau ba shi ya sani ba. Wallahi haushi na ji, na ɗauka gori ake yi mini cewa ba na ciyar da shi. Kowace kalma ta fi ta baya nauyi, ni kuwa ina ture su da shaidar kwano. Ko da muryarsa ta fara dusashewa, har albarkar da yake sa mini ta koma kamar raɗa, cewa na yi tsufa ne.

Wata ranar wanki igiyar shanya ta cika, na zagaya bayan ɗakinsa, inda ban saba zuwa ba. Na same shi a tsugune yana tura wa akuya tuwona. Ruwan miya kawai ya tsiyaye a murfi yana kurɓa da ƙyar. Zoben azurfarsa ya koma babban yatsa, an naɗe shi da zare don kada ya sulluɓe.

Na kira mijina ya dawo, muka kai shi asibiti. A can lokotoro ya sauke amawalin, na ga fuskar surukina karo na farko: kumatu sun zurma, ya ƙanjame sai idanu. Aka ce wani ƙari ne ya toshe masa maƙoshi, kuma da tun farko aka zo da akwai abin yi. Da muka koma gida Baba ya kira ni, ya ce ba tuwona ya ƙi ba, wucewa ne ba ya yi. Ya ce ya ji nauyin mayar wa 'yar mutane kwano cike, kada in zaci girkina aka raina. Na yi kuka kamar raina zai fita. Daga ranar na riƙa dama masa kunu ina ba shi da cokali, ina kallon fuskarsa, amma bai cika wata ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai aka yanka akuyar. Mata suna ta yaba kitsenta, suna tambayar me nake ba ta. Ni kuwa na kasa kai ko tsoka ɗaya bakina.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa kwano na tambaya. Kunyata da karar Baba suka haɗu suka cinye shi, kowannenmu yana ganin mutunta ɗan'uwansa yake yi. 'Yan'uwana mata, kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba. Amma in kuna da tsoho a gida, ku ɗaga ido ku dube shi, kuma in an ce muku ya faɗa, kada ku jira a ce ya ƙanjame. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai har yau in kwano ya dawo mini tas, sai na leƙa bayan ɗaki.