Fuskar da Gwaggo Etelka Ta Hana Ni

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 2003, da hantsi, ɗanki Amnon ya buga mini waya ya ce kin cika a gidanki na Haifa, kina da shekara tamanin da ɗaya. Na faɗi abin da muke faɗa, albarka ta tabbata ga Alƙalin gaskiya, sannan na zauna a bakin gado ina jin haushinki. Ki yafe mini, Gwaggo Etelka, fushi ne ya riga kuka zuwa.

Masu rubutu za su yi maganar zanenki. Za su ce a sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutanenmu Yahudawa kin riƙa yagar takardar buhun siminti kina zane da gawayi, kina ɓoyewa a takalmi, kuma da kika tsira kika shafe fiye da shekara hamsin kina zana abin da kika gani: mata a layin miya, masu cire wa juna ƙwarƙwata, da wadda ta yi barci da kwanonta ɗaure a ƙugu don kada a sace. A bayan kowace takarda kina rubuta sunan mai fuskar da garinsu. Mutane nawa ne suka hau benenki suka sauko rungume da fuskar uwa ko ta ƙanwa, bayan kin tilasta musu shan shayi kofi biyu? Ni kaɗai kika hana.

Ina da shekara uku aka kwashe mahaifiyata, Malvina, daga ƙauyenmu a ƙasar Hungary, bayan ta damƙa ni a hannun wata manomiya. Ko hotonta ɗaya bai tsira ba. Ke kuwa wata bakwai kuka yi kuna kwana kan katako ɗaya da bargo ɗaya, kuma a hannunki ta rasu. Ke kika nemo ni a gidan marayu bayan yaƙi, kika riƙe ni tare da Amnon, kika tsaya mini a aurena. Babu abin da na taɓa roƙa kika ƙi, sai zanen fuskarta.

Ban manta ranar da na fi matsa miki ba.

"Gwaggo, kin zana wa matar mai kifi ƙanwarta, ni ce ba ki ga dama ba?"

"Tirza, shayinki yana hucewa."

"Ya huce."

"Ni abin da idona ya gani nake zanawa. Ban san uwarki da gashi ba, ban san ta da kumatu ba."

"To ki ƙara mata mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ƙaryar da aka yi a kanmu ta isa haka. Ki jira."

Jiran me, ba ki taɓa faɗa ba. Wata uku ban taka gidanki ba, ke kuwa kowace Juma'a sai ga miyar kaza kin aiko, kamar ba abin da ya faru. Taurin kanki ya ba ni wahala, Gwaggo, ko da yake na san shi ne ya fito da ke da rai. A shekarun nan na ƙarshe sai na kama ki kina ƙura mini ido ina yanka burodi, in na juyo ki ce gilashinki ne ya yi datti. Da Amnon ya buga waya, abin da ya fara zo mini shi ne mutum na ƙarshe da ya san fuskar uwata ya tafi da ita.

Jiya, kwana na biyu cikin zaman makokin kwana bakwai, na sami Amnon zaune a ƙasa da yagaggiyar rigarsa, an rufe kowane madubi na gidan da ƙyalle kamar yadda aka saba. Ya miƙo mini wata tsohuwar ambulan, ya ce, "Ta ce sai an rufe madubai zan ba ki."

Wata tsohuwa ce a takardar, kai a aske, kumatu sun shige. Amma goshina ne, da layin nan da ke tsakanin girata, da kunnen hagun da jikokina ke tsokanata da shi. A baya kin rubuta: Malvina, shekara ashirin da shida, da sunan ƙauyenmu, da shekarar 1946. Ashe tun ina 'yar shekara biyar kika zana ta. Ƙasa da haka, da rubutunki na tsufa, kin ƙara: "Da na ba ki kina yarinya, abin da suka yi mata kawai za ki gani. Yanzu fuskarki ta kamo tata, za ki ga uwarki."

Na gan ta, Gwaggo. Shekarata sittin da biyu, sai jiya na yi kukan uwata ina kallon fuskarta.

Allah ya jiƙan ki, ya ba ki hutun da aka hana ki a ƙuruciya, ya sa ambatonki ya zama albarka. Amnon, da matarsa Dalya, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri tare da dukan masu makoki cikin mutanenmu. Ranar da za mu tashi daga zama mu ziyarci kabarinki, maimakon dutse ɗaya da muka saba ɗorawa, biyu zan ɗora a kai, ɗaya naki, ɗaya na wadda ba ta da kabari.