Akuyar Phebe da Ƙarfen Makaranta

Sun kulle wa Phebe akuya a sito. Makarantar kuɗin nan da ke bayan gidanta a Maisandari ce ta yi wannan aikin, alhali akuyar shayarwa take yi, ga 'ya'yanta biyu a gida suna ihu kamar ana yanka su.

Duk wanda ya san unguwar ya san Phebe. Daga kudancin Borno ta zo tana amarya, lokacin mijinta Simon yana akawu. Ta yi shekaru tana sharar coci har gwiwoyinta suka ce sun gaji, Simon ya rasu, ta koma kiwon awaki. Mace ce da ba ta neman faɗa, amma in faɗa ya biyo ta gida kujera take ba shi. Cikin awakinta akwai wata ja da ta sa wa suna Madam, don tafiyarta irin ta matar babban ma'aikaci ce.

To, makarantar ba ta da ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen tayar mota suka rataye a jikin bishiyar dogon yaro, maigadinsu Baba Ajimi yana dukansa in lokacin fita cin abinci ya yi. Katangarsu kuwa akwai ɓarakar da jaki zai wuce bai sunkuya ba. Nan yara ke tsayawa suna miƙa wa Madam guntun ƙosai da ɓawon ayaba. A kwana a tashi Madam ta gane karatu. Da ƙarfe ya ce ƙwal, sai ta tsinke igiya, miyau na zuba, ta riga 'yan aji ɗaya isa fili.

Gloria, autar Phebe, mai karatun koyarwa, ita ta yi mata bayani. "Mama, ba rashin ji ba ne. Ƙwaƙwalwarta ce ta haɗa ƙarar ƙarfen da abinci, don kullum tare suke zuwa. In za ta riƙa jin ƙarar babu abinci, a hankali za ta daina."

"Wato makarantar ce ta koyar da ita," in ji Phebe. "Madalla. Ko ba komai sun koyar da wani."

Ba ta tsaya nan ba. Ta je wurin mai faci ta samo nata ƙarfen, ta rataye a tsakar gida, tana duka tana hana Madam ko ganye. Ranar farko yaran makaranta suka fito a guje ana tsakiyar lissafi, har da malamai biyu riƙe da kulolinsu. Madam kuwa nan da nan ta gano ƙarfen gida na yunwa ne, na makaranta na ƙosai. In Phebe ta doki nata, ko kunne ba ta kaɗawa.

Ranar da abin ya faru, iyayen yara aka gayyata taro, an jera farantan shinkafa. Baba Ajimi ya doki ƙarfe don a zauna, Madam ta amsa gayyata. Kafin a gama addu'ar buɗe taro ta share farantin hedimasta, ta ɗora da furen robar da ke kan teburinsa.

Phebe ta ɗaure zani ta tafi makarantar, ta gaida maigadi da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Baba Ajimi. Ina akuyata?"

"Wushe, Maman Gloria. Ni dai ƙarfe aka ce in buga, na buga."

Hedimasta, Malam Nuraddeen, ya fito a kumbure. "Maman Gloria, akuyarki ba ta da tarbiyya. Tana nan a sito har sai ta yi hankali."

"Tarbiyyar wa? A gidana dusa take ci a natse. Nan ta lalace. Malam, tsakani da Allah, in an buga ƙarfen nan kai ba ka jin cikinka ya motsa?"

"Ni mutum ne."

"To ita dabba ce, ta fi ka uzuri. Tana da 'ya'ya, Malam, nono suke jira."

Ya shige ofis ya ja ƙofa. Baba Ajimi ya raka ta bakin get, ya rage murya. "Kada ki ce ni na faɗa. Biskit ɗin shagon makaranta a siton yake. Tun ɗazu nake jin ƙarar leda."

Ka ji horo! An kama mai laifi an kulle ta da kwalayen biskit, wai don ta daina zuwa.

Phebe ta koma gida ta dama madara a kwalbar jarirai. 'Ya'yan suka shinshina suka kau da kai. Ƙaramin ma tun da rana ya daina kukan, ya kwanta a jikin bango.

To, ni mai ba da labarin nan ga kirana: Malam Nuraddeen, da kai da mai makarantar, ku buɗe siton nan yau ku mayar wa 'ya'yan nan uwarsu. Ku toshe ɓarakar katangarku da bulo, ba da kwali ba. Ku kuma hana yaranku ciyar da dabbar mutane.