Ranar da Muka Zura Odita Cikin Rijiya

A shekaru talatin da na yi ina aiki, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka zura odita cikin rijiya a wani ƙauye bayan Roni. Ku yaran yanzu kuna ji kamar tatsuniya, amma da hannuna na riƙe igiyar.

Lokacin kuɗin mai ne, naira ba ta daɗe da fitowa ba. Ni ne akawun ofishin da ke haƙa rijiyoyin ƙauyuka daga Kazaure, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ƙwadago a reshenmu. Gwamnati ta yi ƙarin albashi, ta ce lissafin zai koma watanni da dama baya. Wannan cikon na baya shi ake kira ariyas. Gari ya ɗauki murna, kowa sai zancen rediyo da keke.

Amma wata biyu kafin sanarwar an sallami mahaƙanmu tara. Helmansu, wato shugaban ayarin, shi ne Baba Manu, dattijo ɗan Gwiwa. Ya same ni a ofis ya ce, "Malam akawu, mu fa? Sa ɗaya ya rage mini na huɗa. In babu rabonmu a nan, ranar kasuwa sai Babura da shi in sayar."

Ofis ya ce wanda ba ya cikin takardar albashi ba shi da ariyas. Mu a ƙungiya muka ce ƙarin kuɗin kwanakin da aka yi aiki ne, su kuwa sun yi. Aka yi ta rubuce-rubuce, har hedikwata a Kano ta yarda da sharaɗi guda: a kawo shaidar cewa sun yi aiki a watannin. Na tafi sito da ƙarfin gwiwata in ɗauko rajista, na tarar gara ta riga ni. Bango kawai ta bar mini. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Aka turo odita, wato mai binciken kuɗi, saurayi mai farar riga da alƙalami uku a aljihu. Ya juya bangon rajistar ya ce, "Sakatare, wannan ce shaidar?"

Baba Manu, da ke durƙushe a bakin ƙofa, ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, akwai wata rajistar. Sai dai ba ta ɗaukuwa."

Nan na tuna, kunya ta rufe ni. Baba Manu yana da wata ɗabi'a: duk rijiyar da suka gama, kafin siminti ya bushe sai ya sa tsinke ya rubuta sunayensu da ajami, da wata da shekara. Ba a baki yake yi ba, inda igiya za ta goge, sai gaba biyu a ciki. Ni da kaina na taɓa ba shi takardar gargaɗi, na ce yana ɓata aikin gwamnati. Amsar da ya ba ni ita ce, wata rana mai yashe rijiyar zai gani ya yi musu addu'a.

Muka ɗunguma a motar ofis, har da odita da Baba Manu da mahaƙansa. Da muka isa na ce zan shiga in karanto. Odita ya ce ƙa'ida ba ta yarda ya sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba. Ya cire takalmi, ya miƙa mini alƙalumansa, ya shiga babban bokitin da ake fid da ƙasa. Mata masu ɗiban ruwa suka ajiye tulunansu suna kallo. Ni da Baba Manu muna sakin igiya a hankali, shi yana cewa, "Kar ka duba ƙasa, ɗana, bango za ka duba."

Can sai muka ji murya daga ciki: "Manu! Isiyaku! Garba Dogo!" Duk wanda aka kira sai ya amsa daga sama, "Na'am, ranka ya daɗe!" kamar ana kiran suna da safe. Odita ya karanto watan Rajab, na buɗe kalanda na daidaita shi da watan Bature, ya faɗa daidai cikin watannin ariyas. Rijiya huɗu ya shiga a kwana biyu, farar rigar nan ta koma ja.

A ta ƙarshe ya gama karatu, amma bai ce a ja shi ba. Muka leƙa hankali a tashe, sai muka hango shi ya ɗaga hannu biyu yana musu addu'a. Baba Manu ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

An biya su kafin ruwan farko, kuma da san nan nasa Baba Manu ya yi huɗar wannan shekarar. Abin da na koya shi ne, sallama ba ta goge kwanakin da mutum ya riga ya yi, kuma lebura ya fi akawu sanin inda zai ajiye shaidarsa. Takardar gargaɗin nan na zare ta daga fayil na kai masa har gida in ba shi haƙuri. Ya karɓa ya yi dariya, ya ce in mayar sito, gara ta san aikinta.