Layin Malam Mani a Tulun Wake

Duk wanda ya taɓa neman irin shuka na gaske a ƙasar Faskari ya san Malam Mani na Mairuwa. An haife shi shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa, ya yi karatun allo wurin kawunsa a Ketare, ya dawo gida ya kama fartanya, bai kuma ajiye ta ba har yau. Gonarsa ba ta fi ta kowa girma ba. Ajiya ce ta fitar da sunansa. Kaura da farfara da maiwa da wake, irin da kakansa ya bar wa ubansa, suna nan wurinsa ba su gauraya da na kanti ba. Zangarniya yakan rataye ta a madafa inda hayaƙi ke bugunta. Wake kuwa sai ya cakuɗa shi da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka. In damina ta matso, har daga Damari da Ƙanƙara ake zuwa ƙofar gidansa. A wurinsa abu mai daraja ba a yawo da shi, rufe shi ake yi har ranar da za a bukace shi.

'Ya'yansa da suka rayu biyu ne. Hamida tana aure a Kaduna. Mas'udu, ɗan farinsa, ya tafi haƙar zinariya can arewacin Nijar shekaru da dama, inda babu sabis sai mutum ya sauko gari. Wayarsa ta ɓace tun shekarar farko, kuma bai sake sayen wata ba. Lamba ɗaya ce tak a kansa, ta mahaifinsa, don shi ya saya masa layin tun yana saurayi. Duk shekara in azumi ya kama yakan sauko Agadas, ya shiga shagon da ake biya a yi kira, ya gaida gida. Daga nan sai wata shekarar. A da can, lokacin da gidan waya na Funtuwa ke aiki, akwatin wasiƙa kan zauna da sunan gida ɗaya har jikoki su gaje shi. Haka Malam Mani ya ɗauki lambar nan.

Bayan ƙaramar Sallah ta bara Hamida ta haihu, hanya kuma ba ta da daɗin bi. Ta aiko da saƙo cewa lallai Baba ya sayi babbar waya, irin ta shafawa, don su riƙa ganin jariri. Barakatu, matar Malam Mani, ta tsaya a kan maganar har ya sayar da tunkiya guda, ya nufi rumfar Yahuza a bakin titi. Yahuza magidanci ne da ya fara furfura, ɗan amininsa ne kuma, shi ke sayar da waya da kati a garin.

Yahuza ya jera masa wayoyi a kan tebur. Malam Mani ya ɗaga kowace ya auna nauyinta a tafin hannu.

"Wagga ta hannu ce, Baba, amma hotonta kamar madubi."

"Wa ya riƙe ta kafin ni?"

"Allah kaɗai ya sani."

"To, ajiye ta. Wace ce ke daɗewa ba ta nemi wuta ba?"

Yahuza ya tura masa wata baƙa mai kauri, sabuwa a kwalinta, wadda ba ta kai sauran tsada ba. Ya ce tana kwana biyu ba caji, ta kuma san faɗuwa ƙasa. Malam Mani ya ce ita ce tasa. Sai aka zo maganar data. Yahuza ya yi masa bayani dalla-dalla: akwai ta yini, akwai ta mako, akwai ta wata, akwai kuma wata mai arha ƙwarai da ba ta aiki sai mutane sun kwanta.

"Jinjirin ne zai tashi tsakar dare ya gaishe ni? Ba ni ta wata."

Yahuza ya ce in ta wata ce, kamfanin tsohon layinsa ya fi tsada, akwai wani da ya fi sauƙi, sabis ɗinsa kuma ya fi kamawa a Mairuwa. Aka yi masa rajistar sabon layi da lambarsa ta ɗan ƙasa, aka ɗauki hotonsa da yatsunsa. Yahuza ya buɗe bayan wayar ya nuna masa gurbi biyu, ya miƙa hannu a ba shi tsohon sim ya sa a ɗayan.

Malam Mani ya damƙe ƙaramar wayarsa.

"A'a. Wanga ba ya shiga nan."

"Don me, Baba? Wuri gare shi."

"Kai ba ka jin abin da ke faruwa a hanya? In aka tare mota, me ake fara karɓa? In sun ɗauke wagga, tunkiya ta tafi. In sun ɗauke da wanga a ciki, yaron nan ya tafi."

Yahuza ya ga magana ce mai hankali, ga kuma masu sayen kati sun taru, sai ya rufe bayan wayar. Ya zaci dattijon zai bar layin a ƙaramar wayar.

Ƙaramar wayar kuwa batirinta ya riga ya kumbura, madannanta sun goge. Da Malam Mani ya isa gida sai ya zare sim ɗin, ya naɗe shi a leda, ya sa a gwangwanin man shafawa, ya tura cikin tulun wake, ya liƙe da laka. Lissafinsa a fili yake. Mas'udu ya riga ya kira a azumin da ya wuce, ba zai sake kira ba sai na gaba. Ɓarawo ba zai nemi layi a cikin toka ba, gara ma ba za ta kai gare shi ba.

Shekarar ta yi masa daɗi. Ya ga jikansa yana dariya, ya ga haƙorinsa na fari, ya ga ranar da ya fara rarrafe. Barakatu ta koyi danna wayar kafin shi, tana yi masa tsiya cewa shi kullum kunnensa yake nuna wa Hamida maimakon fuskarsa.

Ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi ya fasa lakar, ya ciro gwangwanin. Sim ɗin na nan fes, ko tabo babu. Ya kai wa Yahuza da hantsi ya ce yanzu lokaci ya yi, a sa shi.

Yahuza ya sa, ya kunna, ya jira. Ya kashe ya sake kunnawa. Ya ciro ya goge a rigarsa, ya gwada a tasa wayar. Sannan ya ɗago kai a hankali.

"Baba, yaushe rabon da ka sa wa layin nan kati?"

"Tun ranar da na sayi wagga."

"Kira fa? Ko ka amsa?"

"Ina zan amsa? Yana cikin tulu."

"Cikin me?"

"Tulun wake. Da toka. Dube shi, ko ƙura bai yi ba."

Yahuza ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi. Baba, layi ba iri ba ne! In aka bar shi wata da watanni ba a taɓa ba, kamfani kashe shi yake yi, ya sayar wa wani lambar."

"Ya sayar? Ga shi a hannunka!"

"Wannan roba ce kawai, Baba. Lambar ta fita daga cikinsa."

Malam Mani bai yarda ba. Ya ce da kuɗi aka saye shi, da sunansa aka rubuta, bai kuma bai wa kowa aro ba. Yahuza bai yi gardama ba. Ya danna tsohuwar lambar a sabuwar wayar, ya buɗe murya ya ajiye a tebur. Wayar ta yi ƙara, ta sake yi. Sai wata mace ta ɗauka, tana magana da wani harshe, ana jin hayaniyar motoci a bayanta.

Dattijon ya ja da baya har ya buge benci. Lambar da ya riƙe fiye da shekara goma sha biyar, wadda ake rubutawa a jikin buhun irinsa, ga ta tana amsawa da muryar wata mata da bai taɓa gani ba.

Yahuza ya lallaɓa da ɗan Turancinsa na kasuwa. Matar Bayarabiya ce mai sayar da atamfa a Ibadan, ta sayi layin sabo a kwali, ba ta san wani Mani ba. Da farko ta so ta kashe. Da ta ji cewa tsoho ne ke neman ɗansa sai ta sassauta. Ta ce lallai makon jiya wata lamba ta ƙasar waje ta dame ta, safe da rana, wani namiji yana ta ɗaga murya da Hausa, har ya koma kuka. Ta ɗauka 'yan damfara ne, ta toshe lambar.

Yahuza ya fassara. Malam Mani ya kama gefen tebur.

"Makon jiya? Ai azumi bai kama ba. Bai taɓa kira kafin azumi ba. Kuka kuma? Yaron nan ko ranar da aka yi masa kaciya bai yi kuka ba."

Matar ta duba wayarta ta karanto musu lambar. Ta Nijar ce. Yahuza ya ce kiran waje yana cin kati da yawa. Malam Mani ya ce a zuba ko nawa ne.

Da Yahuza ya kira, wani mutum ya ɗauka, ya ce sunansa Hadi, lambar shagonsa ce a Agadas. Malam Mani ba ya kiran sunan ɗan farinsa, don haka Yahuza ne ya tambaya ko ya san wani Mas'udu, mutumin Katsina, mai aikin zinariya.

"Mas'udu ɗan marigayi Malam Mani? Na san shi mana. Allah ya jiƙan tsohon, ya sa ya huta. Shekaranjiya muka yi masa sadaka a nan ƙofar shagona, an yi waina, an sauke Alƙur'ani. Ku 'yan'uwa ne?"

Mai gyaran babur da ke gefe ya ajiye sifana. Malam Mani ya dubi hannuwansa, ya dubi Yahuza, ya sunkuya kan wayar.

"Bawan Allah, wa ka ce ya rasu?"

"Malam Mani na Mairuwa, mai irin dawa."

"To, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni ne marigayin."

Aka ji wani abu ya faɗi a can, kamar kofi. Hadi ya yi salati ya sake yi, sannan ya ba da labari yana haki. Wani direba ne ya zo daga wajen Funtuwa ya ce an tare hanya kusa da Mairuwa, an rasa mutane, ciki har da wani dattijo da ke ɗauke da buhun iri. Bai san sunansa ba. Labarin ya kai ramin da Mas'udu ke aiki, ya bar komai ya sauko. Ya kira ya kira, wata baƙuwa ke ɗauka. Kowa ya san abin da ake nufi in wayar mutumin yankin nan ta koma hannun wanda bai san shi ba. Mutanen Katsina da ke Agadas suka taru suka yi masa ta'aziyya. Yau ma yana tasha yana neman motar da zai zo ya ga mahaifiyarsa.

"Kar ka kashe, Baba. Don girman Allah kar ka kashe. Tashar ba nisa."

Suka ji gudunsa, suka ji ƙahon motoci da muryoyi. Malam Mani na tsaye, hularsa ta karkace bai gyara ba. Mutane sun cika bakin rumfar, wani ya ruga ya kira Barakatu. Can sai aka ji numfashi mai nauyi a wayar.

"Kai," in ji Malam Mani. "Ni ne."

Ya ƙara matso da bakinsa kusa da wayar.

"Ka ji ni ko? Lafiyata lau. Ko ciwon kai ban yi ba. Layin ne na ajiye, ashe ba a ajiye shi."

"Baba?" Muryar ta fito siririya, kamar ta ƙaramin yaro. "Baba, na yi maka sadaka. Na karɓi gaisuwa."

"Na ji. An ce har da waina. Allah ya kai ladan ga kakanka."

Mas'udu ya fashe da kuka, yana dariya a ciki, yana kiran sunan Allah. Barakatu ta iso mayafinta a hannu, ta ƙwace wayar, tana ta maimaita "Ɗan nan, ɗan nan." Da ƙyar aka mayar wa Malam Mani. Mas'udu ya ce motar da ya samu ba zai fasa ta ba, yana tafe, sai ya gani da idonsa. Amma tafiyar doguwa ce, zai so ya riƙa kira daga hanya.

"Baba, ba ni sabuwar lambar in haddace."

Nan Malam Mani ya tsaya. Kusan shekara guda yana riƙe da sabon layin, bai taɓa sanin lambarsa ba. Ya juya ga Yahuza. Yahuza ya matso ya fara faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, dattijon yana maimaitawa da ƙarfi a bakin wayar, Mas'udu yana amsawa daga Agadas. Da suka kai ƙarshe Malam Mani ya ce a sake daga farko, shi ma yana so ta zauna masa.