Numfasa, Gasim!

A tsibirinmu, duk gidan da ya haura shekara ashirin da ginawa, da wuya ka rasa zufar Gasim a bangonsa. Shi ne mai fasa murjani. A zamanin ba siminti ba bulo, dutsen da ke tsirowa a ƙarƙashin teku shi ne tubalinmu, in an ƙona shi kuma ya zama farar ƙasa. Sauran masu fasawa a ruwa iya ƙugu suke tsayawa. Gasim kuwa sai ya ja numfashi ɗaya, ya rungumi daginsa, ya nutse gaba huɗu ko biyar, can gangaren arewa inda manyan duwatsun suke. Ya soka dagi, ya banƙare, ya ɗaura igiya, ya taso. Mutanen da ke jiransa cikin doni, jirginmu na katako, sun sha ƙirga masa har ɗari da hamsin kafin kansa ya ɓullo. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, kuma duk rashin maganarsa, wannan kam bai taɓa barin kowa ya manta ba.

Da gwamnati ta hana fasa murjani, ya yi gunaguni kamar kowa, ya jingine dagi a bayan ɗaki, ya koma kamun kifin tuna. Shekaru suka ja. Sai teku ta fara shigo mana ta arewa. Da can a kan tudun murjani igiyar ruwa take karyewa, ta iso gaɓa a gajiye. Yanzu ba abin da ke tare ta. Ta kwashe rairayi, ta kwantar da layin kwakwa na farko, ta bi da na biyu. Ba wanda ya nuna Gasim da yatsa, don wa zai fara? Kowa a cikin dutsen da ya faso yake kwana. Amma shi ya san gefen da ya fi yi wa aiki, kuma abin ya tsaya masa a rai. Yakan je da hantsi ya tsaya wajen kututturan kwakwar, hannu a baya, ya daɗe, sannan ya dawo.

Ana haka Shiuna ta dawo gida. 'Yar ƙaninsa ce, ta yi shekara tara tana koya wa baƙi nutso da tukunyar iska a wani tsibirin masu yawon buɗe ido. Ta zo da ƙarafa da aka yi wa walda kamar kejin kaji. A kansu ake ɗaure ƙananan rassan murjani mai rai, a girke su a ƙasan ruwa, su kama, su yi girma. Aiki ne da ke son mutum ya zauna rabin sa'a a ƙasa yana ɗauri a hankali, don haka ba ya yiwuwa da numfashi ɗaya. Ta ce za ta koya wa mutum shida. Gasim ne ya fara zuwa ƙofarta.

"Sa sunana," in ji shi.

"Bappa, shekarunka sittin da biyu fa."

"Teku ce ta aiko ki ki ƙirga?"

"Sai likita ya duba ƙirjinka."

Ta ɗauka da haka ta rabu da shi. Kwana huɗu ya ɓace, ya dawo daga Male, babban birninmu, da takardar likita a naɗe cikin leda, ya ajiye mata a kan cinya.

Ranar farko ta tara su a inuwa, ta ce dokokin aikin suna da yawa, amma ɗaya ce mai kisa: kada mutum ya kuskura ya riƙe numfashi, musamman in yana tasowa. Gasim ya yi 'yar dariya ta hanci. Shiuna ba ta yi musu da shi ba. Ta shiga da leda ƙasan ruwa, ta zuba mata iska daga tukunya, ta ƙulle bakin, ta sake ta. Suna kallo ledar ta yi ta kumbura tana tasowa, ta fashe kafin ta kai sama.

"Huhunka ke nan, Bappa," ta ce da ta fito. "Iskar da ka ja a sama ka kai ƙasa, yadda ta je haka take dawowa. Wadda ka sha a ƙasa daga tukunya kuwa, kumbura take yi. In ka kulle maƙogwaro, ba ta da hanyar fita."

Ya gane sarai, don ba dolo ba ne. Sai dai kai ne ya ji, ƙirji bai ji ba. Shekara talatin ƙirjin nan yana koyon abu ɗaya: da ruwa ya rufe fuska, a kulle. Hali kuwa zanen dutse ne.

A darasi na uku ruwa ya shiga gilashin fuskarsa. Kafin tunani ya zo, jiki ya riga ya yanke hukunci. Ya kulle, ya doka ƙafa, ya nufi sama kamar yadda ya yi sau dubu. Shiuna ta cafke ɗamararsa, ta danna masa hannu a ciki har iska ta fito dole. Mako na gaba ya sake, wannan karon don igiya ta harɗe masa ƙafa. Da suka hau doni, ta cire gilashinta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun tana goye, amma ranar ta ɗaga.

"So kake in koma gida in ce wa Inna Sobira ni na kashe mata miji?"

"Ai na taso lafiya."

"Don na riƙe ka ne! Wallahi Bappa, sau ɗaya ya rage maka. In na ƙara ganin kumfarka ta tsaya, kai da tukunya har abada. Ka zauna a doni kana miƙo ƙarfe."

Samarin da ke jirgin suka sunkuyar da kai. Gasim ya ji kunya har ƙashinsa, ya kuma ji haushi, irin haushin da mutum ke ji in ya san gaskiya aka faɗa masa. Ya ce ta ba shi lokaci. Ta ce iskar damina ta kusa, teku za ta yi wata uku ba ta shiguwa ta arewa, ya je ya yi abin da zai yi.

Matarsa Sobira ce ta gano bakin zaren. Tana zaune tana kankare kwakwa, ta ga ya sunkuya zai ɗaga bokiti, ta ji numfashinsa ya ɗauke.

"Kai, ashe a tudu ma nutso kake yi?"

Ashe haka yake. In zai ɗaga kaya, ya kulle. In zai zura zare a allurar gyaran komar kifi, ya kulle. Ko ƙulla igiya zai yi, sai ya gama sannan ya sauke ajiyar zuciya. Shekara arba'in suna tare ba ta lura ba, yanzu kuma da ta lura, sai ya shiga uku. Ta ko'ina muryarta ke fitowa, daga madafa, daga bakin rijiya: "Numfasa, Gasim!" In bai ji ba, ludayi ya biyo baya.

Shiuna ta koya musu cewa in mutum zai taso ba bututun iska a baki, ya yi ta cewa "aaa" a hankali, don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Gasim ya ɗauki wannan ya mai da shi sana'a. Mutumin da gaisuwa ma sai an ciro ta daga bakinsa, sai ga shi yana tafe a hanya da buhun shinkafa a kafaɗa yana "aaa". Yana hawa matakalar bakin ruwa yana "aaa". Tsibirinmu kuwa ba ya barin abin dariya ya wuce. Tsofaffin da ke zama a dandamalin bakin teku suka samu abin yi, Gafoor ne kan gaba, abokinsa tun suna fasa dutse tare.

"Gasim, akuyar wa ka haɗiye?"

"Aaa," in ji Gasim, bai juyo ba.

"Da tsufanka yarinya ta mai da kai ɗan makaranta. Mutumin da ake ƙirga wa ɗari da hamsin!"

"Ku ci gaba da ƙirgawa. Teku ma tana ƙirga kwakwarku."

Har masu talla da mata a bakin rijiya suka ɗauka, duk inda ya gilma sai ka ji "Numfasa, Gasim!" Ya bar su. In ruwa ya janye, ya shiga iya wuya a bayan gidansa da guntun bututu a baki, ya dulmiya fuska, ya cire gilashi ya mayar, ya cire ya mayar, yana sauraron ƙirjinsa kamar mai gadin ɓarawon da ya sani. Wata rana ya ci, wata rana ƙirjin ya ci. Bai fasa ko rana ɗaya ba.

Da iska ta kwanta, Shiuna ta ce ya shirya. Suka fita da hantsi zuwa gangaren arewa, da keji ɗaya da rassa ashirin a kwando. Ba ta yi masa wata doguwar magana ba. Ta nuna idonta, ta nuna bakinsa.

Suka sauka a hankali, gaba biyar. Ya durƙusa kan rairayi, numfashi na shiga yana fita, kumfa na tashi. Ya ɗauki reshe na farko, bai fi yatsa ba, ya ɗaure. Na biyu. Na uku. Ba abin da ke korarsa sama, don haka a karo na farko a rayuwarsa ya ɗaga kai ya duba wurin. Ya gane shi. Ga ramin nan, faɗinsa ya kai ɗaki, inda ya ɓamɓaro wani ƙaton dutse da ya ɗauke shi wuni biyu. Ga wani a gefensa, ga wani can gaba, a jere har inda ido ya tsaya. Ya ɗauka teku ta daɗe da cike su. Ba abin da ya tsiro. Ɓaraguzai ne kawai masu launin toka, ko kifi bai damu da wurin ba.

Wani abu ya taso masa daga ciki ya tokare maƙogwaro. Ƙirji ya ce a kulle, ƙafafu suka ce a tafi. Shiuna ta ga kumfar ta yanke, ta miƙo hannu za ta kama ɗamararsa.

Ya ɗaga mata tafi. Sannan ya buɗe maƙogwaron da ƙarfin tsiya, abin da ke ciki ya fito. Ba "aaa" ɗin da ya koya ba ne, kuka ne, na tsoho, mai kauri, ya fita ta bututun cikin kumfa har tana jin sa a ruwa. Ya ja iska, ya sake. Yana kukan ya ɗauki reshe na huɗu. Sai da ya ɗaure duka ashirin ɗin, sannan suka taso tare, sannu sannu, kumfarsa na gaba suna biye, ba ta yanke ba ko sau ɗaya.

A cikin doni ya zauna yana ɗigar da ruwa, idanunsa jajur. Shiuna ta kwance masa tukunya, ta rasa ta inda za ta fara.

"Bappa, ka ci nasara."

Ya zuba wa ruwan da suka fito ido.

"Shekara talatin ina shiga wurin nan kamar ɓarawo," ya ce, "in ɗauka in gudu. Ban taɓa tsayawa na ga abin da na bari ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Keji nawa gare ki?"

"Goma sha ɗaya."

"Ramukan sun fi haka. Na san inda kowanne yake."